Malam Idi, Mai Dawakin Rafin Kanya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina kasuwar Kutemeshi, na buɗe bakin wani akawal, baƙin doki, ina nuna wa mai saye haƙoransa, sai na ji an dafa kafaɗata. Ardo Bello ne, Bafulatanin da ke zaune da shanunsa a bayan ƙauyenmu. Bai gaishe ni ba, abin da bai taɓa yi ba tun da na san shi. Ya ce, "Tanko, saki dokin nan. Malam Idi ya rasu jiya da la'asar. Mun rufe shi kafin magariba." Na saki dokin. Mai saye yana ta magana, ban san abin da yake cewa ba. Ardo ya kama hannuna ya zaunar da ni gindin wata ɗorawa, ya kwance butarsa ya miƙo mini. Ko sallar gawarsa ban samu ba.

Wanda bai san shi ba, Malam Idi mai sayar da dawaki ne a Rafin Kanya, ƙauyenmu da ke gefen Kuyello, a ƙasar Birnin Gwari. Ya girme ni da 'yan shekaru. A hannunsa na koyi sana'ar, daga baya muka zama abokan tafiya, ina ce masa Yaya, shi kuma yana kiran sunana kai tsaye kamar mai shirin yi mini faɗa. Ina rubuta wannan ne don na ji abin da ake ta faɗa a kansa a wurin zaman makoki, kuma masu faɗar sun tsallake wuraren da ya kamata a tsaya.

Da rani mukan nufi arewa mu sayo dawaki, mu gangaro da su kafin ruwa ya sauka. A ƙofar gidansa akwai wani fili mai inuwar kanya, nan yake jera su. Za ka ga 'yan Azbin, dogaye masu siririn wuya, waɗanda ba su iya tsayuwa wuri ɗaya. Za ka ga 'yan Borno masu faɗin ƙirji da babban kai, da 'yan Sulleɓawa masu haƙuri da doguwar tafiya. Can gefe kuma ga ƙuru, gajerun dawakin nan na ƙasashen duwatsu, waɗanda mutane ke wucewa ba su ko kalle su ba. Shi kuwa su ya fi so. Yakan ce mini, "Dogayen nan baƙi ne, Tanko. Gajerun su ne 'yan gida." Masu unguwanni sukan zo, da malamai masu yawon wa'azi, da fatake, da manomin da audugarsa ta yi kyau har ya ji ƙafarsa ta gaji da taka ƙasa.

Abu na farko da ya koya mini ba duban haƙori ba ne. Ranar da na fara yi masa dillanci na tsaya ina zuba wa wani mutum yabon wani bidi, sai ya kira ni gefe ya ce, "Faɗa masa aibin tukuna. Kyan kuwa, ai mai saye yana da ido, zai gani da kansa." Haka yake ciniki har ƙarshe. Kafin ya ambaci kuɗi zai ce maka wannan yana tuntuɓe idan ya gaji, wancan yana tsoron gulbi, wannan kuma ya taɓa karaya a ƙafar baya. Mutane da yawa sun juya saboda haka. Wasu kuma ba sa saye sai a wurinsa.

Na tuna wani attajirin manomi daga Kazage da ya zo ya nace sai wani kili ɗan Azbin. Yaya Idi ya tambaye shi inda gidansa yake. Mutumin ya ce bakin kurmi ne, kusa da rafi. Yaya ya ce, "To ba zan sayar maka ba. Ƙudan tsando zai cije shi, damina ɗaya zai yi. Ga ƙuru nan, ɗauki."

Mutumin ya fusata. Ya ce, "Ni zan hau wannan, ƙafata tana jan ƙasa, yara suna mini dariya?"

Yaya ya ce, "Ƙafarka ta ja ƙasa mana. Ya fi ka ja gawarsa zuwa bayan gari."

Mutumin ya kaɗe rigarsa ya tafi ya sayi wani dogon a wurin Dauda, wani dillali da ke gaba da mu. Ban san yadda dokin ya ƙare ba. Yaya bai taɓa tambaya ba, ni ma ban bi sawu ba.

Ba zan ce mutum ne mai sauƙi ba. Bakinsa da kaifi, ba ya doguwar gaisuwa, ba ya dariyar da ba ta zo masa ba. Wanda ya ga ya yi wa doki bulala a fuska, ko a gaban wa, sai ya zazzage shi. Ba ya shan kunun safe sai dabbobinsa sun sha ruwa, kuma iyalinsa ma sai sun jira. Idan ya sayar da doki bai rabu da shi ba ke nan. Duk garin da muka ratsa sai ya leƙa bargar waɗanda suka taɓa saye a hannunsa. Wata rana a wani ƙauye ya tarar da wani dokinsa aharas da miki a gadon baya, sirdi ya ci shi har nama. Mai gidan ya sa aka kawo mana tuwo da miyar kaza. Yaya ya ture akushin, ya ce, "Ba na cin abincin gidan nan sai an kawo mini ruwan zafi da man shanu." Ya durƙusa ya wanke mikin da hannunsa, ya kwana biyu a garin yana jinya, ni kuwa ina ta ƙorafin kasuwar da muka rasa.

Wannan shi ne mutumin. Yanzu sai abin da aka yi masa.

Wata shekara, tsakiyar marka, ruwa ba ya ɗaukewa, wani Bature mai awon daji ya sauka a bariki. An ce zai shiga dajin nan namu ne ya kewaye shi, ya kafa duwatsun iyaka. Yana da malamai da kaya da kukunsa, duk suna buƙatar abin hawa. Masinjansa ya zo Rafin Kanya da hantsi, ya tsaya gindin kanya ya dubi dawakin, ya ce, "Duka. Gobe da safe a kai su bariki." Nawa sun tsira ne don na riga na sayar da su. Na Yaya kuwa suna nan cif, kayan shekara guda, duk abin da ya mallaka a duniya.

Yaya ya ce masa, "Ɗan'uwa, ka san dajin nan da marka. Kurmi bayan kurmi ne. Dokin da ya shiga ba zai ga rani ba."

Masinja ya ce, "Ni aiko ni aka yi, Baba. In kana da magana, ga Bature can."

Ya sa babbar rigarsa ya tafi, na raka shi. Muka zauna a rana har aka ba mu izini. Ya cire takalmi ya durƙusa, mutumin da ban taɓa ganin ya roƙi kowa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, dajin nan cike yake da tsando. In ya ciji doki sai ciwon sammore ya kama shi, ba shi da magani. A jira rani, ni da kaina zan kawo su." Tafinta ya juya maganar. Baturen ya saurara, bai yi fushi ba, har ya gyaɗa kai. Ya faɗi 'yan kalmomi ya koma ga takardunsa. Tafinta ya sunkuyar da kai, kamar ba ya son faɗa. Yaya ya ce, "Me ya ce?"

Tafinta ya ce, "Ya ce ya sani. Shi ya sa bai zo da nasa ba."

Da jahilci ne da zuciyata ta daɗe da sanyi. Ya sani. Dokinsa yana can birni cikin barga, ana kaɗe masa ƙuda, aka zo aka kwashi na talaka. Da muka iso ƙofar gida sai Yaya ya ce wa matarsa Hajo ta dama masa fura mai yawa, zai bi dawakin.

Ya bi su da ƙafa. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya ba shi abinci. Waɗanda suka yi dakon kaya sun ba ni labari cewa duk inda aka yada zango sai ya tara ɗanyen ganye ya yi hayaƙi, ya tsaya tsakanin dawakin da reshe a hannu yana kora. In za a ratsa kurmi yakan shafe su da man ɗaci, ya roƙi malaman su yi sauri. Shi ma tsandon bai bar shi ba. Da suka fito bayan makonni, wuyansa da hannuwansa duk tabo ne. Aka mayar masa da dawakinsa, aka ce an gode.

Sammore ba ya nuna kansa da wuri. Dawakin sun dawo da 'yar rama kawai, wadda dusa da kanwa za su rufe cikin kwanaki. Dauda ya zo da yamma, ya zagaya su yana shafa gemu. A gabana ya ce, "Malam Idi, kada ka tsaya. Kora su arewa tun yanzu, inda ba a san ka ba. Kafin cutar ta fito kana gida. Ko ka bar mini su, ni na san yadda zan yi."

Yaya ya ce, "Wanda zai saya fa?"

Dauda ya ce, "Kai ma ai ba laifinka ba ne. Zaluntarka aka yi."

Yaya ya ce, "An zalunce ni, na ji. Shi wancan me ya yi mini?"

Bayan tafiyar Dauda, Hajo ta zo bakin zaure ta tsaya daga ciki. Mace ce mai kawaici, ban taɓa jin muryarta ta ɗaga ba. Ta ce, "Malam, na ji duk abin da kuka ce. Ga Hamisu ya isa aure, ga Ladi, ga rumbu bai kai rabi ba. Ka ji tausayin wanda ba ka sani ba. Mu fa?" Ya ce, "Hajo, in na yi haka, da wane baki zan sake ce wa mutum ga aibin dokina?" Ta juya ta koma ciki. Ba zan ce ba ta da gaskiya ba. Ita da 'ya'yanta ne suka ci tuwon dusa a shekarar. Amma da gari ya waye ita na gani tana daka wa dawakin jiƙo.

Sai dawakin suka fara nuna cutar. Ƙafafu su kumbura, ciki ya kumbura, ido yana zubar da ruwa. Doki yana ci yana ramewa, har ka iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Wani kili ɗan Azbin ne ya fara faɗuwa. 'Yan Borno suka bi, sannan sauran. Kowanne sai Yaya ya zauna kusa da kansa har ya daina shure-shure, sa'an nan mu ɗaura igiya mu ja shi bayan gari, ni da shi da Hamisu. Ungulaye suka saba da Rafin Kanya. Kafin a gama girbi, filin nan da ake zuwa kallo daga garuruwa ya koma turke bayan turke, ba komai a jiki.

Guda ɗaya ta tsira, wata goɗiya ƙuru da yake kira Gunya saboda launinta mai haske. Ta yi ciwon ta tashi, kuma ashe tana da ciki. Ranar da ya tabbatar da haka na ga haƙoransa, karo na farko tun marka. Ya ce, "Tanko, da ɗaya mahaifina ya fara." Ya koma kamar mai jinyar amarya. Da hannunsa yake zaɓar mata ciyawa.

Da rani ya tsaya sai aka yi shela a kasuwa cewa duk abin da ke bayan duwatsun da Bature ya kafa ya zama gandun daji. Ba sara, ba kiwo, ba yankan ciyawa. Muka je muka duba. Dutsen yana gaban fadamar da Yaya ke yanka tun yana yaro, inda mahaifinsa ya yanka kafin shi. Dawakinsa ne suka ɗauki mutanen da suka raba shi da ita. Ko'ina ya bushe, harawa ta yi wuya, masu ita sun ɓoye. Ya nemi taimako a gidaje biyu ko uku, aka ba shi haƙuri. Goɗiya mai ciki ba ta rayuwa da kara. Ya ɗauki laujensa ya tafi fadama da rana tsaka, bai ɓuya ba, don bai iya ɓuya ba.

Malamin daji, mai tsaron gandun, ya kama shi. Da igiyar daminsa aka ɗaure masa ƙugu, aka ɗora masa ciyawar a ka, aka tasa shi gaba har Birnin Gwari. Dattijo mai furfura. Aka bi da shi ta tsakiyar ƙauye, ta gaban masallaci, mutane suna tsaye suna kallo. Ban ji wanda ya ce a sauke masa kayan ba. Na bi gidajen waɗanda suka hau dawakinsa shekara da shekaru, masu faɗa a ji, ina roƙon ko mutum ɗaya ya je ya yi magana. Wani aka ce mini yana barci. Wani ya fito ya ce, "Tanko, dokar Nasara ce, wa zai sa kansa?" Wanda Yaya ya wanke wa mikin dokinsa ya ce mini, "Ai shi ma Idi da taurin kai. An ce a bari, sai ya bari."

Aka yanke masa wata guda a gidan yari, aka kuma ce a karɓi dabbar da aka yi laifin dominta. Aka zo aka kwance Gunya a gaban Hajo. Dauda ne ya saye ta. Ya riƙe ta har ta haihu, sannan ya sayar da ita da duƙushinta ga wani falke mai fataucin gishiri.

Na je tarbarsa ranar da aka sake shi. Ya fito da tari da kai a aske. Na rasa yadda zan faɗa masa zancen Gunya, sai shi ya ce, "Na ji. Mu tafi." Da muka iso gida bai dubi filin ba, ya wuce ciki.

Bayan wasu watanni muna kasuwar Kuyello sai ga ayarin gishiri. Na ga Gunya kafin shi, na so in janye shi ta wata hanya, amma ya riga ya tsaya. An labta mata kaya kamar jaki, duƙushin yana biye da ita. Na zaci zai yi faɗa. Ya je ya yi wa falken sallama, ya ce, "Malam, wannan a hannuna ta tashi. Ba ta son a taɓa mata kunnen hagu. In za ka ba ta ruwa, bari ta huce tukuna. Ka rage mata kayan nan, tana shayarwa." Falken ya ce, "Kai wane ne?" Yaya ya ce, "Ba kowa." Goɗiyar ta miƙo kai tana shinshinar rigarsa. Ya ɗora tafinsa a goshinta, ya ɗan jima, sannan ya juya. Muka yi tafiya mai nisa kafin in iya duban fuskarsa.

Bai sake mallakar doki ba. Na ce ya zo mu haɗa hannu da nawa, ya ƙi, ya ce ba zai ci gumina ba, ina da iyali. Ya koma tuƙa igiya da saƙa ragama, yana shimfiɗa su a gefen kasuwar dabbobi. In mai saye ya tambaye shi ra'ayinsa kan wani doki, sai ya faɗi abin da ya gani, kamar yadda ya saba. Dillalai suka tsane shi. Suka ce tun da ya shiga gidan yari kansa ya taɓu, suka sa aka mayar da shimfiɗarsa can wajen masu kaji. A nan ya ƙare shekarunsa, yana tari. Hamisu bai yi auren ba sai daga baya, ya tafi aikin fasa hanyar mota. Ban taɓa jin Yaya ya ambaci Baturen ba. Sau ɗaya kawai, muna zaune, ya ce mini, "Shi baƙo ne, Tanko, ya zo ya wuce. Waɗanda suka tsaya kallo, da su nake sahu a masallaci."

Da na iso Rafin Kanya daga Kutemeshi na tarar da ƙofar gidan cike. Manya sun zo, kowa da abin hawansa. Dauda yana zaune a kan tabarmar gaba, yana cewa, "Allahu akbar, an yi rashin mutum mai gaskiya. Irinsu sun ƙare." Wanda ya ce mini dokar Nasara ce yana ba da labarin yadda suka shaƙu. Na yi musu sallama don wajibi ne, na wuce in yi wa Hajo ta'aziyya. Ta tsufa ƙwarai. Ta ce, "Ka zo, Tanko? Ya tambaye ka sau biyu." Sannan ta nuna waje da haɓa ta ce, "Kana jin su? Ranar da aka wuce da shi da dami a ka, duk suna gari."

Ban sani ba ko ya yafe musu kafin ya cika. Bai faɗa mini ba, ba kuwa zan ƙaga masa abin da bai faɗa ba. Ni dai ban kai can ba tukuna, ina roƙon Allah ya kai ni. Abin da na sani, kuma zan shaida a ko'ina, shi ne ya samu hanyar da zai tsira da dukiyarsa ta cutar da wanda bai sani ba, ya ƙi bi, kuma ba wanda ya saka masa a nan duniya.

Ya Allah, ga bawanka Idi ya zo gare ka hannu wofi. Ka jiƙansa, ka gafarta masa kaifin harshensa da duk abin da ya ɓoyu gare mu. Ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya makwancinsa, ka sa wahalar da ya sha ta zama kankarar zunubi. Ka karɓi tausayin da ya yi wa dabbobin da ba su da bakin gode masa. Tsakaninsa da waɗanda suka zalunce shi, da waɗanda suka gani suka yi shiru, kai ne mai hukunci, ba ka kuwa mantuwa. Ka ba Hajo haƙuri, ka saka mata, don rabin nauyin ita ta ɗauka ba a tambaye ta ba. Ka rufa wa Hamisu da Ladi asiri, ka ciyar da su daga halal, kada ka sa su ga gaskiyar mahaifinsu a matsayin abin da ya talauta su. Mu da muka saura, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.